Wa Ya Fara Gutsure Kalmomi, Jika Ko Kaka?

Iyayenmu maza da mata, a gyara zama, yau da ku nake. Ƙorafinku ya iso, kuma ba sau ɗaya ba: wai yaran zamani sun kashe rubutu. Yaro zai ɗauki waya ya aiko wa mahaifinsa "slm bb y gd", ba wasali ba aya, balle ladabi. Uba ya lalubo tabarau ya zauna, ya rattabo masa sallama cikakkiya har da tambayar karatu da lafiyar abokan zama, ɗan nema ya mayar da "lfy ngd". Kun ce a zamaninku ba a san wannan ba, kalma idan an ɗauko ta sai an kai ta har gida. Na ji, kuma ban ce babu haushi a ciki ba. Sai dai kafin a yanke wa yaran hukunci ina da 'yar tambaya, da sharaɗin ba za a aiki jika ya dubo a waya ba. Baba Alhaji, mene ne cikakken sunan NEPA?

Na ji ana gyaran murya. A bar shi, ba sai an wahala ba. Tun 1972 aka kafa ta, a 2005 aka sauya mata suna zuwa PHCN, a 2013 aka miƙa rabon wutar ga kamfanoni, Kano da Katsina da Jigawa suka faɗa hannun KEDCO. Duk wannan bai hana ku cewa "NEPA sun ɗauke" ba har gobe. Haruffa huɗu kuka riƙe fiye da shekara 50, kuka koya wa 'ya'ya, 'ya'ya suka koya wa jikoki, har yaron da aka haifa bayan an binne sunan ma, da fitila ta kama sai ka ji ya ƙwala ihu da shi. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram kada su yi dariya, su ma NIGELEC suke cewa, kuma kuɗin aljihunsu da muke kira sefa, haruffa uku ne na Faransanci aka lanƙwasa har suka zama kalma.

Mu koma baya kaɗan. A 1950 aka kafa NEPU a Kano, ga NPC a ɗaya ɓangaren. A kan waɗannan 'yan haruffa an yi ɗauri, an yi duka, maƙwabta sun daina gaisawa. Talakan da ya sha wuya saboda Nefu bai buƙaci ya iya furta dogon sunanta da Turanci ba, ya san abin da take nufi a rayuwarsa, shi ke nan. Jamhuriya ta biyu ta zo da nata, PRP da NPN da GNPP da sauransu. Sojoji suka kawo WAI a 1984, SAP ta biyo baya a 1986 ta tsuke wa kowa aljihu. En'e kuwa har wasula kuka sa mata, kuka mayar da ita 'yar gida, Di'o ma haka. Tun 1957 kuke kasa kunne kuna cewa "Bibisi ta faɗa". Zage-zagi, da yake su ba a raba su da ƙwaƙwa, unguwa guda suka ɗauka suka raɗa mata haruffa biyu na wani kamfanin Turawa, har yau mai mota na kiran "PZ! PZ!" ana shiga ba tambaya.

Na san abin da za ku ce. Za ku ce waɗannan ai sunayen hukumomi ne da Turawa da 'yan boko suka yanka, ku tarar da su kuka yi. To madalla. Wa ya rubuta "Alh." a ƙofar shago? Wa ya sa "Haj." da "Mal." a katin ɗaurin aure? Suna mai daraja irin Muhammadu, wa ya matse shi ya koma "Moh'd" a takardar makaranta, har wasu suka girma da shi a fasfo? Ba jikokinku ba ne, lokacin ko iyayensu ba a haifa ba. Shugaban ƙasa sukutum kuka mayar IBB. A baki ma haka abin yake: "don Allah" ta zama "dalla", "ranka ya daɗe" ta zama "rankai daɗe", Abubakar ya koma Habu, A'ishatu ta koma A'i. Wanzami dai ba ya son jarfa.

Can kuma na hango Malam a zaure yana murmushi, yana cewa wannan rigimar 'yan boko ce, su masu tawada da alƙalamin kara ba ruwansu. Allah ya gafarta Malam, da izininka, kai ne ma shugaban tafiyar. Buɗe littafin hadisi. Malaman hadisi sun gaji da maimaita "haddasana" da "akhbarana" sau dubbai, sai suka gutsure su, ta farko ta koma haruffa uku ko biyu, ta biyu ma aka rage mata tsawo. Idan za a juya daga wani isnadi zuwa wani, harafin "ha" guda ake dasawa a tsakiyar layi, wanda ya karanta Sahihu Muslim ya gan shi ba adadi. A ƙarshen maganar da aka ciro daga wani littafi, alif da ha sun wadatar a gane cewa ta ƙare. Fiƙihun Malikiyya kuwa, wanda shi ne abincinmu a ƙasar nan, nan ne gidan abin. Ɗauko Hashiyar Dasuƙi a kan sharhin Muhtasar: harafi ɗaya na nufin Haɗɗabi, ba da nun na nufin Bannani, ain da ba da ƙaf na nufin Abdulbaƙi Zarƙani, kha da shin na nufin Kharshi. Manyan malamai ke nan, kowanne an naɗe shi cikin haruffan da ba su wuce na "slm" yawa ba. Ɗalibin da bai zauna gaban malami an ba shi makullin ba, ko ya iya Larabci kamar me, sai ya tsaya yana zare ido. Mawaƙanmu na ajami su ma, in sun zo ƙarshen waƙa, ba sa tsayawa lissafa shekarar Hijira, ramzi suke yi, su dunƙule ta cikin kalma guda wadda kowane harafinta ke ɗauke da adadi.

Kuma da dalilinsu. A ƙasarmu, takarda a lokacin daga Turai take zuwa, ta ratso hamada a bayan raƙumi, ba abin wasa ba ce. Hannu ke kwafe littafi shafi bayan shafi, hannu kuwa yana gajiya. Haka mutanen gidan waya na zamanin tangaraho, da ake biya kalma-kalma: wanda zai sanar da rasuwa ko haihuwa ba ya fara tambayar gajiya da sanyi, kalma huɗu ko biyar ya gama. Duk inda rubutu ke cin kuɗi ko ƙarfi, sai an samu mai rage masa tsawo.

To haka ta faru da tsararmu, mu da wayar salula ta riska muna samari. A watan Agusta na 2001 layukan GSM suka fara aiki a Najeriya. Kira naira 50 ne a minti, ko daƙiƙa biyar ka yi an cire maka na minti guda, sai da Glo ta zo a 2003 da lissafin daƙiƙa-daƙiƙa aka ɗan numfasa. Mai ƙaramin ƙarfi abu biyu ya rage masa, filashin da tes. Shi kuwa tes yana da iyaka: harafi 160, har da tazarar da ke tsakanin kalmomi. Wani injiniya Bajamushe, Friedhelm Hillebrand, na cikin waɗanda suka tsayar da adadin tun wajen 1985, bayan ya lura cewa yawancin gajerun saƙonni ba sa wuce haka. Bai san gaisuwar Bahaushe ba, bawan Allah. Mu da sai an tambayi kwana, da gajiya, da iyali, da aiki, da "ya muka ji da zafi", kafin a zo kan maganar bashin da ake bi, ina harafi 160 zai kai mu? Ka haura da harafi ɗaya, an caje ka kuɗin shafi biyu. Sai a 2013 hukumar sadarwa ta ƙayyade cewa kuɗin tes kada ya wuce naira 4.

Ga kuma wahalar yatsa, wadda yaran yanzu ba su sani ba, ku ma iyaye kun manta domin mu kuke miƙo wa wayar mu rubuta muku. A Nokia 3310 da 'yan'uwanta, maɓalli guda haruffa uku ko huɗu yake ɗauka. Kafin "s" ta fito sai ka danna lamba 7 sau huɗu. "L" sau uku, "i" sau uku. Ku ƙirga da kanku: "assalamu alaikum" dannawa 31 ce, har da tsayawa a jira wayar ta yarda tsakanin "s" ta farko da ta biyu. "Slm" kuwa dannawa 8. Baba, kai da kake taya buhun masara tun daga hantsi har azahar don a rage maka ɗari biyu, ka faɗa mini tsakani da Allah wanne za ka zaɓa?

Har "xan xo" ɗin nan da ke ƙona muku rai, ni zargina a kan lamba 9 yake: "z" sai an danna sau huɗu, "x" sau biyu, yatsa kuwa ba ya son nisa. "Q" da ake sawa a "qlau" da "haquri" ita ma ba iskanci ne ya kawo ta ba, wayoyin ne ba su da "ƙ". Abin da zai ba ku mamaki ma, haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, ba sa cikin jerin haruffan da aka gina tes a kai. Ko da waya ta iya rubuta su, ka sa guda ɗaya tak, shafin ya faɗo daga 160 zuwa 70. Wato mai rubuta Hausa daidai tara ake cin sa. Daga nan 2go ta shigo, BlackBerry ta shigo da lambobinta na fin, Facebook ya buɗe ƙofa, salon ya bi mu duk inda muka shiga.

Kuma kada a ɗauka ciwon namu ne mu kaɗai. Haruffa ukun nan na mamaki da 'yan matan zamani ke yawan rubutawa, OMG, mafi daɗewar wurin da aka same su a rubuce wata wasiƙa ce ta 1917 da wani tsohon hafsan sojan ruwan Ingila, John Fisher, ya aika wa Winston Churchill. Dattijo ne mai shekara 76. A 2012 kuma aka bayyana a gaban wani kwamitin bincike a Landan cewa firaministansu na lokacin, David Cameron, ya daɗe yana rufe saƙonninsa da LOL yana zaton alamar ƙauna ce, ashe dariya take nufi. In firaminista ya yi wannan tuntuɓe, Hajiya, ke da kika ɗauka "hbd" sunan wani magani ne, ba ki da abin kunya.

To ku kuma samari da 'yan mata, na ga kuna tafi kuna cewa yau an rama muku. A dakata, ban gama ba, kuma rabonku ya fi tsoka.

Su Malam takarda ce ta yi musu tsada. Mu kuɗin tes da maɓallin Nokia ne suka matsa mana. Ku me ya matsa muku? WhatsApp ba ya ƙirga harafi. Wayar hannunku na da allon haruffa cikakke, akwai na Hausa mai ɓ da ɗ da ƙ kyauta, har kalma take cika muku tun kafin ku gama tunani. Datar da kuke ƙonawa a bidiyon TikTok guda ɗaya ta isa ta rubuta gaisuwar dangi kaf har da ta maƙwabta. Kun gaji maganin, ciwon kuwa ya daɗe da warkewa. In kun ce sauri ne, saurin zuwa ina? Mutumin da ya kwana yana latsa waya har asuba ba zai ce wasali biyu ne suka tsare masa hanya ba.

Ga inda gizo ke saƙar. Yawancin abin da kakanninku suka gutsure sunaye ne, abubuwa sanannu waɗanda ba sa rikiɗa: NEPA ɗaya ce, Bannani ɗaya ne. Ku kuwa cikin jimla kuka shiga kuna zare wasula, alhali Hausa a kan wasali take tsaye. Rubutun boko tun asali ya riga ya ci mana bashi, ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsawon wasali. Shi ya sa "gado" na kwanciya da "gado" na magada suke fitowa iri ɗaya a takarda, sai jimla ta raba gardama. Ɗan abin da ya rage mana ke nan, ku kuma kuka zo kuka kwashe. Yanzu "gd" gida ne, ko gado, ko gada, ko gudu, ko guda, ko godiya?

Ku ɗauka direba yana hanyar Funtuwa, dare ya yi, ya aiko wa maigidansa: "Alh mt t mt". Alhaji ya duba, ya sake dubawa, ya tashi zaune. Mota ta mutu, ko mata ta mutu? In mota ce, bakanike za a nema. In mata ce, sai a fara kiran dangi a sa a share ƙofar gida. Ya kira, layin ba ya shiga. Haka zai kwana da carbi a hannu saboda wasula biyar da wani ya ga ba su da amfani.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne, kun mayar da boko Larabci ba ku sani ba. Balarabe na iya rubuta jarida guda ba wasali a karanta lafiya, domin ginin harshensa ya yarda da haka. Kakanninmu da suka ari haruffan Larabci suka yi ajami sun lura Hausa ba ta jure wannan, shi ya sa za ka ga rubutunsu cike da fataha da kisira da rufu'a, har da ɗigon imala. Mutanen da takarda ke yi wa tsada ba su yarda sun zubar da wasali ba, sai ku da ake ba ku fili kyauta.

Sai kuma masu cusa lamba a tsakiyar kalma: "2wo", "Ba2re", "ina 1i". A nan dole mai karatu ya fara karanta lambar da Turanci, sannan ya dawo Hausa ya ƙarasa. Inna da ta ga "2wo" ta karanta "biyuwo", ku gaya mini laifinta. Wanda ya fi kowa wayo dai shi ne mai "ykk". Ba a san ko "ya kake" ba ne, ko "ya kike", ko "ya kuke". Saurayi ya rubuta sau ɗaya, ya tura wa abokinsa, ya tura wa budurwarsa, ya tura wa wadda budurwar ba ta san da ita ba, kowa ya ɗauka don shi aka yi. Wannan kam na sara masa, ko Dasuƙi bai kai nan ba.

Tsakanin aboki da aboki ni ban ga abin tayar da jijiyar wuya ba. Ku yi ta "gsky" da "wlh" da "bkm", kun san makullin junanku, kamar yadda ɗaliban Muhtasar suka san nasu. Inda nake komawa layin su Baba shi ne inda kalmar ita ce kanta kyautar. An yi wa mutum rasuwar uwa, ka aiko masa "Allah y jqn" ko "RIJF", ka wuce abinka. Da a da ne, takalmi za ka sa ka taka har zaure, ka durƙusa, ka zauna a tabarma ka yi shiru tare da shi. Yanzu an sauƙaƙa maka, an ce rubuta kawai, shi ma sai ka rage mudu? Haka saƙo zuwa ga suruki, haka neman aiki, haka takardar jarrabawa, inda malamai ke kukan cewa hannu ya saba har ya kan zame ya rubuta wa mai duba WAEC abin da ake rubuta wa abokin hira.

Iyaye, kada ku miƙe da murna tukuna, domin a nan ma akwai ƙullinku. SAW da SWT da RA da AS da suka cika littattafanmu da jaridunmu, yaran 2go ne suka sa su? Tun ƙarni na 13 Ibnu Salah, wanda ya rasu a 1245, ya yi gargaɗi a littafinsa na ilimin hadisi cewa a rubuta salati cikakke, kada a mayar da shi 'yan haruffa, Imam Nawawi ma ya bi bayansa a kan haka. Ashe tun wancan zamani ana wannan faɗa, kuma da manya ake yi. Wanda ya rubuta SAW da safe ba shi da bakin zagin mai "slm" da yamma.

Ramuwar da kuka samu ita ce saƙon murya, kuma kun riƙe ta da hannu biyu. Hajiya za ta danna ta fara da sallama, ta gaida kowa da sunansa, ta ba da labarin bikin da aka yi da wanda aka ɗaga, a ji tana ce wa wani ya rufe mata tukunya, ta dawo ta ce "me ma nake cewa?", sai can a minti na bakwai a gane cewa kuɗin anko ake nema. Jikan ya saurara da saurin ninki biyu, ya mayar da "tk". Ita ta kashe minti bakwai, shi ya kashe harafi biyu, kowa kuma yana ganin ɗayan ne bai iya magana ba.

Ku kuma 'yan "xup" da "ykk" na zamanin 2go, ku duba madubi. Da yawanku yau iyaye ne, furfura ta fara leƙowa. Ƙannenku da 'ya'yanku sun fara barin haruffan ma gaba ɗaya, sitika suke turawa, fuskar wani ɗan wasan Kannywood yana harara ta wadatar da su amsa. Kwanan nan za ku fara cewa yaran yanzu ba su iya rubutu ba, a zamaninku har "lfy qlau" ake rubutawa cikakkiya.

Masu son mayar da martani, dattawa da yara, ƙofa a buɗe take. Sharaɗi biyu ne kawai: mai rubutu ya zo da wasulansa cikakku, mai saƙon murya kuma kada ya wuce minti biyu. Wanda ya aiko mini "mlm k bt mn rai", zan ɗauka cewa ya yi na ba ta man rai, in tambaye shi a wace kasuwa ake sayar da shi.